Motar Malam Safiyullahi Mai Zabura

Daidai an wuce gonakin doya a hanyar Doma, 'yar motar Malam Safiyullahi ta zabura. Injin ya yi gurnani, bishiyoyin mangwaro suka fara wucewa a guje, Malam ya ƙanƙame sitiyari yana jan duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Can sai ta lafa da kanta, kamar wadda aka yi wa magana. Matarsa Hajiya Usaina na gefensa tana jan carbi, ko gyalenta bai zame ba.

"Kin ga abin da ta yi?"

"Na ga dai mun kusa, Malam."

Ranar Laraba ce, ko Alhamis. Malam ya ce Laraba, amma kada a riƙe shi a kan haka. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cusa wa yaran Lafia nahawu, yanzu yakan shiga ɗaki ya tsaya yana tambayar bango abin da ya kawo shi.

Ɗansa Kamal ne ya sayo masa motar, ta hannu, mai sauya giya da kanta saboda gwiwar Malam. Fara ce, ƙarama, da wasu ƙananan huji a rufinta inda ruwan sama ke ɗiga. Hajiya ta kama kujerar gaba tun ranar farko, ta shimfiɗa kafet mai kauri a ƙarƙashin ƙafarta, kuma ba ta yarda kowa ya kaɗe mata shi.

Tuƙin Malam kuwa sananne ne daga unguwar Akurba har cikin gari. Ya karanta cewa gaggawa daga Shaiɗan take, yana kuma aiki da abin da ya karanta. Keke mai ɗauke da buhunan gyaɗa yakan wuce shi. An ce wani makiyayi ya taɓa koro shanunsa ya wuce shi, har ya waiwayo ya yi masa sannu da hanya.

Washegarin zaburar nan Malam ya kai motar garejin Tersugh, wani Tibi da Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Baba, motar nan ba shi da komai," in ji Tersugh. "Na wanke totur, na duba wayansa, na tuƙa shi har Ashige na dawo. Lafiya lau."

"Wato ƙarya nake yi?"

"A'a, Baba. Amma wani lokaci ƙafa yana manta inda birki yake."

Malam ya yi dariya, ya dawo gida yana ta juya maganar a ransa.

Ya shiga gwada ta shi kaɗai. Masallaci, kasuwa, gidan abokinsa na da wanda sunansa ya ɓace masa yanzun nan. Motar tana tafiya a natse kamar ɗalibin da ya ga bulala. Sai ranar walima a Ashige, ta sake zabura. Ranar ɗaurin auren 'yar ƙanwar Hajiya, ta ƙara. A duk bukukuwan nan shi da Hajiya sun tarar da abinci da zafinsa, abin da Malam ya lissafa cikin rahamar da ke zuwa tare da jarrabawa.

Labari ya kai kunnen Kamal.

"Baba, an ce ka wuce tirela."

"Motar ce ta wuce. Ni ina ciki ne kawai."

"Baba, don Allah. In ta sake, ka ba ni makullin. Ran mutane ne a hanya, ga Mama a ciki."

Malam bai yi musu ba, domin abin da ke cin sa ya fi makulli. Mance sunan mutum abu ne da tsofaffi ke yi wa dariya. Amma a ce ƙafarka tana aikin da kanka bai sa ta ba, wannan wata ƙofa ce da ya ga malamansa sun shiga ba su fito ba. Bai gaya wa Hajiya ba. Sai ya koma tuƙi ba takalmi, wai don tafin ƙafarsa ya riƙa shaida abin da yake takawa. Ita kuma ta ɗauka zafi ne ya dame shi.

Ranar sunan jikan yayar Hajiya a Doma suka fito a makare, don Malam ya koma ciki neman hular da ke kansa. Hanya ta miƙe, babu kowa, motar ta zabura. Zai iya rantsuwa ƙafarsa tana sama, ba ta taɓa komai ba. To amma da safen nan ma ya rantse ya kulle ƙofar gida, aka same ta a buɗe.

Bai ci komai a wurin sunan ba. Da la'asar suka dawo, ya tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya kashe inji, ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya zare makullin ya sa a tafin hannun Hajiya.

"Ki ba yaron nan. Ba motar ba ce, Usaina, ni ne. Kan ya fara tafiya. Ban san lokacin da nake takawa ba."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta dube shi, ta ga hawaye a gemunsa. Ta maida masa makullin, ta sunkuya ta yaye kafet ɗinta, wani ɗan ƙarfe mai roba a kai ya bayyana.

"Kanka lafiyarsa ƙalau, Malam. Motar koyon tuƙi Kamal ya sayo maka, an cire birkin wannan gefen an manta totur. Ni nake takawa, na gaji da zuwa biki ana wanke kwanuka."