Sadakar Mai Wuta

Duk bayan mako biyu, ranar Asabar da la'asar, Mma Memunatu takan share tsakar gidansu a unguwar Maamobi da ke Akara, ta jera benci, ta fito da talabijin da bidiyo, sannan ta miƙa wa mijinta kaset. "Saƙon yaron nan ya iso," in ji ta. Ba ta kiran sunan ɗan fari.

Yaron shi ne Nashiru, da ke aiki a masana'antar tayal a Italiya. Shekara da shekaru yana naɗar babban tseren motocin Turawa daga talabijin, yana aiko wa ubansa ta hannun masu dawowa Akara. Uban, Baba Jibirilu, tsohon fita ne, wato makanikin mota, na unguwar Abossey Okai. Tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu, ba abin da yake jira a duniya sai wannan kaset.

A farkon tseren bana Jibirilu yana kwance a asibiti, sai ga Kazeem, abokin Nashiru, ya sauka daga Italiya. Ya tarar da Memunatu a bakin tukunyar waakye, shinkafa da waken da take sayarwa. Ya ce mata inji ya kama Nashiru, an riga an binne shi can. Likita kuwa ya gaya mata tun jiya cewa firgici ɗaya ya isa ya ƙarasa mijinta.

Ta sa Kazeem ya rantse zai yi shiru. Ta ƙarasa sallamar masu layi. Ba ta rufe rumfa ba ko na yini ɗaya, don a Zango rufe rumfa ma sanarwa ce.

Da aka sallamo tsoho, ta je shagon haya kaset a Nima ta ce tseren mota take so. Mai shago ya zaro ɗaya daga kanta, ta ɓare takardar jikinsa ta kawo gida. Bayan mako biyu ta koma ta karɓi na biye da shi. A wurinta mota mota ce: su yi ta zagaye, a ƙarshe wani ya girgiza kwalba ya jiƙa 'yan'uwansa.

'Yan benci kuwa ba su iya sunayen direbobin ba, sai suka raɗa musu nasu. Jibirilu yana bayan Mai Wuta, wanda ba ya ɗaga ƙafa ko a kwana. Amininsa Sulemana mai faci yana bayan Lissafi, wanda ke lallaɓa taya yana tara maki. Sulemana ya ce injin ne ke ci, ko akuya ka ɗaure a jar motar nan ta Mai Wuta za ta zo ta uku. Jibirilu ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana liƙe tayar trotro, motar haya, ba shi da bakin magana a kan tuƙi. Aka yi musu kan canza taya in hadari ya taso, aka yi musu kan wanda ya fara gogar wani.

Ba a taɓa gardama irin ta bana ba. Da ta matso da shayi sai muryoyi su ƙara tashi. Ta ce a ranta, maza dai, ba su mota a gilashi ka ga sun manta da furfurarsu. Amma tsohon yana cin abinci, yana dariya, yana raye. Abin da take nema ke nan.

Wata Alhamis Jibirilu ya ce ta soya masar sadaka, ta sayo goro, za a kira malamai a yi wa Mai Wuta addu'a ya ɗauki kofi. Ta ce sadaka don Baturen da bai san alwala ba? Ya ce shi dai a soya. Unguwa ta yi ta dariya. Ita da kwanaki suka cakuɗe mata tun zuwan Kazeem, ta zauna gaban tanda ta bar hayaƙi ya ɗauki laifin hawayenta, a ɓoye ta mayar da ladan ga ɗan da ko addu'ar uku bai samu ba.

A tseren ƙarshe ruwa ya sauko, motar Mai Wuta ta kwashe ta daki shinge. Jibirilu ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya ya yi kuka kamar yaro. Ba wanda ya tsokane shi, har Sulemana da gwaninsa ya ci kofi. Ita ce ma ta ce, "Malam, ka ji kunya, a kan ƙarfe?"

Bai kai wani tseren ba. Ya rasu wata safiya bayan ya sha koko, cikin natsuwa.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, Sulemana ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa. Sai ta sauke kayan da ta ɗauka ita kaɗai: ta gaya masa Nashiru ya daɗe a ƙasa, ta gaya masa inda kaset ke fitowa. Ta ce abu ɗaya ta gode wa Allah, mijinta ya tafi bai sani ba.

Sulemana ya daɗe yana juya hularsa.

"Mma, tseren shekara uku da suka wuce kike kawo mana, duk mun san wanda zai ci. Tun kaset na farko Malam ya tura ni na nemo Kazeem, ya faɗa mana gaskiya. Masar nan ta arba'in ɗin Nashiru ce. Cewa ya yi mu ɗaga murya mu yi ta gardama, don ɓoyon nan da kike masa shi kaɗai ke riƙe da ke a tsaye."