Ciyawar Ado

Mai zanen gini ta shimfiɗa takardarta a kan mota, a bakin filin aro da wani tsoho ya shekara talatin yana noman lambu a Hanwa. Sabon mai filin sai gyaɗa kai yake.

"Sola a rufi, Alhaji, tankin ruwan sama a nan. Ga kuma lambu, don yara su san ƙasa."

Zuciyar tsohon ta yi sanyi. Ya ce, "Hajiya, ashe alayyafona ya tsira?"

"A'a, Baba. Ciyawar ado za a shuka."

Da aka gama ginin gidan, aka ɗauki tsohon aiki. Yanzu safe da yamma yana ba ciyawa ruwa, ita da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tugewa.