Uban Mai Lamba Talatin

Kun san 'ya'yanku mata suna da abin da suka iya, amma kun kau da kai, kamar yadda Bakri ya yi.

A shagonsa na ɗinki a unguwar Ƙuba, ƙaninsa Sabiru ya miƙa masa waya. Bidiyon wasan hoki ne na kan ƙanƙara, inda aka zaɓi 'yan matan da za su je gasar ƙasashe. Mai tsaron gida, lamba talatin, fuskarta cikin hular kariya, ta hana komai wucewa.

"Masha Allah! Ga 'ya'yan mutane," in ji Bakri. "Tawa kuwa, Hidaya, kullum tana Jidda wajen gwaggonta, ban san me take tsinanawa ba."

"Ai ba da wannan za a tafi ba, Yaya. Halas, magana ta ƙare, jiya aka rufe sunaye. Ubanta bai sa hannu a takardar izini ba."

"Wane sakaren uba ne wannan? Wallahi ɗauri ya kamace shi!"

"Sau uku ta kai masa. Ya ce ta ajiye, yana shan shayi."

Bakri ya ja tsaki. A wayar aka busa tashi. Yarinyar ta cire hular, ta gyara ɗankwalinta. Hidaya ce.

A hankali Bakri ya ɗaga butar shayinsa. Takardar tana ƙarƙashi, da tabo daidai inda za a sa hannu.

Kai ma daina tsaki. Tashi yanzu ka tambayi 'yarka me ta kawo maka, ka karanta.