Gatarin Inna

Musaddiq ya shigo zauren su Zakiyya, budurwarsa, a Miri, yana fara'a. An naɗa shi shugaban masu gadin dajin da Turawa ke biya kada a sare, don itatuwan su shanye hayaƙin masana'antunsu.

Ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Jiya ka ƙwace gatarin wata tsohuwa?"

"Doka ce, Zakiyya."

"Innata ce."

Shekara biyu ta bayan labule yake gaishe ta, bai san fuskarta ba.

"Wallahi da na san ita ce..."

"Ita ta gane muryarka. Kunyar suruki ta hana ta magana."

Ta ajiye zoben da ya ba ta a kan dakali.

"Da uwar wata ce fa, ka yi daidai ke nan?"