Gwangwanin Zobban Roba

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe Peniasi ya buɗe akwatin kayan gyaransa, yana sa hannu ya ji ba yadda ya bar shi ba ne. Sufana ta koma mazaunin filaya, sukudireba tana can ƙasa, kwalbar giris kuwa har an goge mata maiƙon da ya shekara a jikinta.

"Wa ya taɓa mini akwati?"

"Ni ce, Baba," in ji 'yarsa Unaisi daga bakin ƙofa. "Wanke shi na yi, kyankyasai har sun yi jikoki a ciki. Zobban robar nan ma na juye su a gwangwani ɗaya. Meye na gwangwani biyu? Ai launi ya raba su."

Ta dire masa tukunyar iskar da take nutso da ita a kan tebur, ta ce bakinta yana tsiyaya, ta fice abinta.

Shekara talatin Peniasi yana gyaran kayan masu nutso a tsibirin Taveuni, kuma kowa ya san halinsa. Ba a ara masa guduma, ba a matsar masa da kujera, a 'yan watannin nan ma abin ya ƙaru, ko tsintsiya aka jingine a inda bai ajiye ba sai an sha faɗa. Mutane sun ce tsufa ne, suka ƙyale shi.

Amma wannan ba rigimar tsufa ba ce. A shagonsa baƙin zobe na tukunyar iska zalla ne, kore kuma na tukunyar da aka ƙara wa oksijin. Girmansu ɗaya, kaurinsu ɗaya. In aka sa baƙi a tukunyar oksijin, iskar tana cin robar a hankali, wata rana ya fashe, wata rana ya kama wuta. Tukunyar Unaisi irin ta oksijin ce, kuma yau za ta ja baƙi 'yan yawon buɗe ido shida zuwa mita talatin a ƙarƙashin ruwa. Jirgin ruwansu zai tashi ƙarfe takwas, sai bayan kwana uku zai dawo.

Ya fara da abin da ya fi sauƙi. Tiyo biyu, robar baki huɗu, maɗaurin takalmin nutso, maɗaurin gilashin fuska, batir, tsinken tagulla, duk ya jera su a akwatin, hannunsa na tafiya kamar na mace mai tsinar shinkafa. Ya fito da su ya sake jerawa. Ya gyara zaman baƙin tabaransa. Gwangwanin dai yana nan yana jiransa.

Ya murɗa bakin tukunyar kaɗan, ya kara kuncinsa, ya ji siririn sanyi. Ya sa tsinken ya zaro tsohon zoben, ya tsage kuwa. Sai ya juye gwangwanin a tafin hannunsa.

Ya ɗauki ɗaya ya murza, ya ja shi, ya shinshina. Ya ɗauki wani ya ɗan ciza. Ya je taga ya tsaya, ya dawo. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, shayinsa da dafaffen rogo sun huce a kan benci.

Sekove direban jirgin ya danna oda daga bakin gadar da jirage ke tsayawa.

"Kawu, ruwa yana janyewa fa. Ko sai mun turo ganga an rako ka?"

"In sauri kake, ka faɗa ruwa ka yi iyo," in ji Peniasi.

Ya zaɓi ɗaya ya danna a mazauninsa, ya ɗaure, ya buɗe iska. Tsit, tsiyaya ta tsaya. Ba wanda zai duba bayansa, domin aikin Peniasi ba a duba shi. Kuma baƙin zobe yakan yi sati bai ce komai ba, ya san haka. Ya kuma san wani mai nutso a garin Savusavu da tukunya ta tashi a hannunsa, har yau matarsa ke ɓalla masa maɓallin riga.

Ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Tsoro biyu ne suke cinsa. Ɗaya na Unaisi ne, ɗayan kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, ko limamin cocinsu. Ya ɗauki tukunyar har ya kai ƙofa, sai ya tsaya. Ya dawo da ita, ya saki iskar, ya zare zoben ya jefa cikin 'yan'uwansa.

Oda ta sake kuka, doguwa wannan karon. Ya ji takun silifa a kan tsakuwa, ya san na Unaisi ne.

"Baba, baƙin nan sun fara ƙorafi. Zobe ɗaya ne fa."

Ya miƙa mata tafin hannunsa cike da zobba.

"Zaɓo mini kore."

"Ga su a hannunka, Baba, ka ɗauka mana."

"Na ce ki zaɓo."

Biyu suka zame suka faɗi ƙasa. Unaisi ba ta duƙa ta ɗauka ba. Ta kama hannun nasa da nata biyu ta rufe shi a kan zobban, ya ji ɗigon ruwa mai ɗumi ya sauka a wuyan hannunsa.

"Babu baƙi ko ɗaya a ciki, Baba, tun jiya na kwashe su. Duka kore ne. Wata takwas ke nan ina jira ka gaya mini da bakinka cewa idanunka sun daina gani."