Duwatsu Masu Tambarin Raƙumi

Daren wata Alhamis bayan isha'i, Musbahu yana gasa nama a lambun shaƙatawa na bakin wadi, a kudancin Jidda, sai ya ji wani sauti daga ƙarƙashin ƙasa, kamar ana hura iska a bakin tulu. Ya ɗauke, ya sake dawowa.

"Baba, ƙasa tana numfashi," in ji ƙaramar 'yarsa Nuha.

"Bututun ruwa ne. Yalla, maza miƙo faranti."

Wadin nan kogi ne da ba ya gudu sai an yi ruwan sama mai ƙarfi. Tun kafin a shuka ciyawa a kafa lilo, gefensa mazaunin Larabawa makiyayan raƙuma ne. Su suka haƙa rijiyoyi a wurin, suka sassaƙa tambarin gidansu a duwatsun bakin rijiya, irin wanda suke yi wa raƙumansu. Zanen kamar sawun tsuntsu yake, da ɗigo biyu a gefe.

Hikima, kakar Musbahu, ta sha ruwan rijiyoyin tana yarinya, lokacin da iyayenta suka iso daga ƙasar Hausa makiyayan suka sauke su. Da ruwan ya ƙafe, aka rufe bakinsu da itace da ƙasa, aka bar duwatsun a kewaye don mai wucewa ya kauce.

Duk zuwan da aka yi da ita lambun sai ta nuna da sandarta.

"Musbahu, kada a yi shimfiɗa cikin duwatsun can, rijiya ce. Uku ne ma. Biyu yashi ya binne alamarsu, zo in nuna maka."

"Halas, ya isa ya Sitti, sai wata rana," yakan ce wa kakar tasa, idonsa a kan waya.

Yaransa kuwa ko rabin Hausarta ba sa kamawa, dariya suke yi. Bara Allah ya yi mata rasuwa, ba a je an gani ba.

Bayan haka Musbahu ya ga duwatsun sun dace da murhu. Ya mirgino uku, abokansa suka kwashe sauran suka yi wurin zama. Wajen ya koma fili sumul.

A makon da ya ji sautin nan an yi ruwa, wadi ya kawo, ruwa ya ratsa ƙasa ya cinye ruɓaɓɓen itacen.

Washegari Juma'a da la'asar suka dawo, suka tarar lambun ya cika. Babu sauran wuri sai filin nan. Matarsa Surayya ta shimfiɗa tabarma a gefe, Nuha ta shiga tsakiya tana tsallen igiya. Musbahu yana hura wuta ya ji sautin kuma. Kafin ya juyo, ƙasa ta rufta da yarinyar. Igiyar kaɗai ta rage a baki.

Masu aikin ceto sun fito da ita da rai, amma ƙashin bayanta ya karye. Likita ya ce ba za ta ƙara takawa ba.

Jama'a, duk inda muke shaƙatawa akwai waɗanda suka riga mu zama a wurin, kuma alamar da suka bari ba ado ba ce. Kada mu kawar da abin da ba mu san dalilinsa ba. Mu tambayi tsofaffinmu tarihin wuri tun suna raye.

A barandar asibiti dangi suna zaune, sai maƙwabciyarsu Saudatu, wadda ta saba zama kusa da tsohuwar a lambu, ta dubi Musbahu.

"Abu Nuha, ai Hajiya Hikima rijiya uku ta ce. Sauran biyun suna ina?"