Ramar Katung

Malmala huɗu Scholastica ta kwashe wa ɗanta, ya ci rabin ɗaya ya wanke hannu.

Da can ba haka Katung yake ba. Sana'arsa ƙwallon Amurka, irin wadda ƙarti ke kifa hular kwano suna gwara juna. Shi ko ƙwallon ba ya taɓawa. Aikinsa ya tsaya kamar katanga a gaban mai jefawa, duk wanda ya taho ya ci karo da shi. Jikin nan shi ne jarinsa. Ƙungiyarsa kuwa ta faɗa masa ƙarara: ya dawo daga hutu da nauyinsa, in ya ragu ta sallame shi.

Ga shi tunda ya sauka gidanta a unguwar Abbey Wood yake zubewa. Daga ganye sai kifi, sai yawon bakin kogi kamar wanda ya yar da wani abu. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, har da fasto ta haɗa shi. Sai dai ya ce, "Mama, I'm fine," ya ɗauki jakarta ya raka ta asibiti wankin ƙoda. Da an ɗora ta kan inji ya sulale, wai zai gaisa da likitoci.

Daga baya faɗan ma ta daina. Injin ya tsotse mata fushi tare da komai, abinci ba ɗanɗano, labari ba daɗi ba ɗaci. Ranar da aka auna nauyinsa, ƙungiyar ta soke kwantiraginsa ta waya, Scholastica na zaune tana kallon wandonsa da ya zame masa buhu. Ta nemi hawaye ba ta samu ba. Shekarun da yaron ya kwashe ana dukansa a ka da gwiwa sun tafi a banza, ita kuwa tashi kawai ta yi ta mayar da miya firij.

Mako na zagayowa Dakta Muhibbat ta kira ta ofis, ta ce an sami mai ba ta ƙoda, jini ya dace, an sa ranar tiyata. Scholastica ta gyaɗa kai kamar da wata ake. Don kada a ce ba ta da godiya, ta tambaya ko wane bawan Allah ne.

Likitar ta ɗago ta dube ta.

"Au, bai gaya miki ba, Mama? Ai mu muka ce wa Katung ba za mu cire tasa ba sai ya sauke ƙibar nan."